Littafin Zanen da Na Kai Ƙara

Har zuwa zangon farko na aji biyu a ƙaramar sakandare, ni ce mai ba ajinmu dariya. Makarantar gwamnati ce a Jimeta, ta jeka-ka-dawo, maza da mata a haɗe, kuma da malami ya sa ƙafa waje sai kowa ya juyo gare ni. Na iya tafiyar malamin lissafi, na iya muryar Antin da ke koya mana Turanci idan ranta ya ɓaci, na san yadda firinsifal yake gyaran murya sau uku kafin ya ce komai a asambuli. Ga shi ni ce monita, takardar masu surutu a hannuna take. Duk wanda ya yi dariyar barkwancina sunansa ba ya shiga takarda. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba, amma kowa ya gane.

Gidanmu a Shagari Low Cost yake. Asalinmu mutanen cikin garin Yola ne, da Fulatanci muke magana da Inna, Hausa kuwa ta makaranta ce da kasuwa. Sai dai na fi sa'o'ina iya ta, domin Adda, babbar yayata, tana tara littattafan Hausa a ƙarƙashin katifa, ni kuma ina ɗauka a ɓoye ina karantawa. Ina alfahari da wannan ƙwarai.

A shekarar ne garuruwan arewacin jihar suka riƙa faɗawa hannun 'yan bindiga ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ga Mubi. Mutane suka kwararo Yola, wasu a bayan manyan motoci, wasu da ƙafa. Babu gidan da bai yi baƙi ba. Mu ma iyalin wani abokin Baba suka zauna a falonmu wata da watanni. A makaranta bencin da ke ɗaukar mutum uku ya koma ɗaukar biyar, aka kuma fara binciken jaka a bakin get da wata na'ura mai ƙara idan ta ji ƙarfe.

Cikin waɗannan kwanakin Anti ta shigo da wata yarinya, ta ce daga wajen Michika take, ta nuna mata bencin baya. Siririya ce, kanta a aske, ba ta kallon kowa. Ba ta da yunifom nata, an ba ta na wata 'yar kawunta da ta gama aji uku, rigar har tana share ƙasa. Daga baya na ji cewa sun yi makonni a sansanin 'yan gudun hijira a Damare, kafin kawun nata da ke aikin gwamnati ya kwaso su zuwa gidansa a Bekaji, ita da mamarta da ƙannenta biyu. Babanta a lokacin ba a san inda yake ba. Na tausaya mata kamar yadda kowa ya tausaya, na ba ta aron biro, na manta da ita.

Wata ranar Laraba malamin noma bai zo ba. Na fita gaban allo ina kwaikwayon firinsifal, na kai wurin gyaran murya na uku, inda aka saba fashewa da dariya. Dariyar ta zo, amma daga baya ta taso, kuma ba ni ake kallo ba. Na ɗauki takardata na nufi can. Na tarar da kawuna kusan goma a kife kan wani littafin rubutu mai shafi arba'in, baƙuwar tana zaune a gefe ta haɗa hannu kamar ba nata ba ne.

Zane ne da shuɗin biro, an raba shafin gida-gida. Wata yarinya ce mai zungureriyar riga, ta iso bakin get, maigadi ya ɗora na'urarsa a kan jakarta, na'urar ta yi ƙara. A gida na gaba kowa ya kwanta a ƙasa, maigadi ya haye katanga, firinsifal kuwa ba a ganin komai nasa sai takalma biyu da suka leƙo daga bayan tankin ruwa. A gida na ƙarshe yarinyar tana tsaye ita kaɗai, ta zaro cokalin da ta zo da shi don cin ɗanwake. Wannan abu ne da kowannenmu yake tsoro kullum da safe a layi, kuma babu wanda ya taɓa tunanin za a iya yi masa dariya. Dariya ta ƙwace mini kafin in kama ta. Da na dawo hayyacina sai na rubuta sunanta a cikin masu surutu, alhali ko tari ba ta yi ba.

Daga ranar littafin ya fara yawo. Kullum akwai sabon shafi. Akwai wanda aka sa masu latti durƙuso a rana, yarinyar mai zungureriyar riga ta tura dutse ƙarƙashin rigar ta zauna abinta, firifet yana ta yaba mata juriya. Akwai na ranar duba farce, akwai na darasin girki da aka ce kowa ya zo da ƙwai ɗaya, ita nata ya ƙyanƙyashe a cikin keke Napep. Kullum yarinyar cikin wahala take, kullum ana cin zalinta ko tana jin kunya, amma kana gani sai ka ce ai ni ce wannan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, nawa barkwancin yana mutuwa da an kaɗa ƙararrawa. Nata kuwa ana sa shi a jaka a kai gida, a nuna wa yayye, a dawo da shi washegari da maiƙon miya a gefe. Har layin aro aka yi. Ƙawata tun firamare, wadda muke raba awara kullum a lokacin tara, ta fara cewa in jira ta tana zuwa, sai in hango ta a bencin baya tana miƙa wa baƙuwar ƙanƙarar zoɓo. Na fara kwaikwayon Hausar yarinyar, yadda kowa namiji ne a bakinta, Anti ya ce, mamana ya tafi kasuwa. Rabin ajin haka suke magana, amma tata na zaɓa. Ba a yi dariya sosai ba. Ita ce ma ta yi murmushi, ta ce na iya.

A gida na sayi sabon littafi na gwada zane. Na yi kwana uku ina fama da malamin lissafi. Adda ta leƙa ta kafaɗata ta tambaye ni, da zuciya ɗaya, ko akuya ce ko kujera. Inna ta ce in daina ɓarnar takarda in zo in tsince shinkafa.

Sai ga shafin malamin horo. Mutum ne mai ƙaton ciki da bulalar roba, ko 'yan babbar sakandare suna shakkarsa. Ta zana shi yana bin masu latti da gudu, cikinsa ya riga shi isa get ya tsaya yana jiransa, har yana duba agogo. Ajin ya kusa tashi don dariya. Ni kuwa ina gani na san abin da zan yi. Ban yi shi cikin fushi ba, sai da na bari aka kwana biyu. Ranar Litinin da na kai takardar masu surutu ofishin malamai, na tsaya a gaban teburinsa na ce, da murya irin ta yarinyar kirki, akwai wata a ajinmu da ke zana malamai tana sa ana yi musu dariya.

Ya shigo ana tsakiyar darasi, ya nufi bencin baya kai tsaye ya miƙa hannu. Ta ciro littafin ta ba shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe shi ba, littafin kawai take bi da ido har ya fita da shi. Ya ce ta same shi gobe da safe. Zan so in ce raina ya ɓaci a ranar, amma gaskiya na koma gida na ci abincin rana har na nemi ƙari.

Washegari aka aike ni ɗauko alli. Tun daga baranda na jiyo dariya a ofishin malamai, irin wadda ban taɓa sanin malamai suna yi ba. Littafin ne a hannun Anti, ta cire tabarau tana share hawaye. Malamin lissafi yana ƙorafin cewa shi ba a zana shi da kyau ba, kunnuwansa ba su kai haka ba. Shi kansa malamin horo yana ta ƙoƙarin ɗaure fuska, cikinsa na rawa. Hukuncin da ya yanke mata shi ne sharar gaban ofis kwana biyu. Mataimakin firinsifal kuma ya ce yaran nan sun daɗe ba su yi dariya ba, don haka duk ranar Juma'a ta zana shafi ɗaya a babban kwali a manna a allon sanarwa, muddin ba za ta ƙara taɓa cikin kowa ba.

Matsala ɗaya aka samu, rubutunta. Turancinta da Hausarta duk cike suke da kurakurai, hannunta kuma idan ba zane take ba kamar an tsoma kaza a tawada. Anti ta ce wannan mai sauƙi ne, monita tana da hannu mai kyau kuma ba ta kuskuren harafi, ita za ta riƙa rubuta maganganun. Haka na koma magatakardar wadda na kai ƙara.

Duk ranar Alhamis bayan an tashi mukan zauna a aji mu biyu, kwali a shimfiɗe kan benci biyu da muka haɗa, zafin Yola na sauka daga kwanon rufi. Ita ta zana, ni in cika kumfar maganar da ke fitowa daga bakin mutanen. Wani lokaci nakan ce wannan maganar ba ta yi ba, ga yadda firifet zai faɗa. Sai ta ɗaga kai ta ce naki ya fi daɗi, sa shi. Ba ta taɓa jayayya ba, kuma wannan ma yana ba ni haushi, domin na so a ce ta ji zafi. Ranar Juma'a a taru a gaban allo har da 'yan babbar sakandare, a karanta maganar da ni na ƙirƙira, a yi dariya, a kira sunanta. Babu wanda ya taɓa tambayar wa ya yi rubutun. Sau ɗaya na sa sunana ƙanana a kusurwar ƙasa, mai mannawa ya ɗora salatif a kai.

Wata Alhamis na tambaye ta me ya sa ba ta zana abin da ya faru da su a hanya, tunda kowa yana son ji. Ta ci gaba da yi wa rigar yarinyar inuwa.

"Na gwada," ta ce. "Hannu ya ƙi."

Sannan ta gaya mini a Damare ta fara wannan zanen. Ƙannenta ba sa daina kuka, abinci sai an yi dogon layi, sai wata mata mai raba kaya ta ba ta littafi da biro. Ta riƙa zana musu wata yarinya da komai ke lalace mata, su yi dariya su yi shiru. Na saurare ta, na ce Allah sarki. Amma abin da ke raina, wanda na daɗe ban yarda da shi ba ko ni kaɗai, shi ne har wannan na yi mata ƙyashinsa. Ita tana da dalili. Ni kuwa ina barkwanci ne kawai don a kalle ni.

Sau ɗaya na je gidansu a Bekaji, ranar da kwali bai kammalu ba har aka rufe makaranta. Mutum fiye da goma a ɗaki biyu, katifu a jingine da bango. Mamarta ta dama mini kunun gyaɗa, ta riƙe hannuna tana kirana yarinyana. Ta ce kullum 'yarta tana ba su labarina, wai duk ajin babu mai ban dariya kamata, har tana gwada musu yadda nake tafiyar malamin lissafi amma ba ta iya ba. Na sha kunun ban san inda zan sa idona ba. A keke ina komawa gida na yi ta neman hanyar da zan fassara maganar ta zama raini, ban samu ba.

Muna aji uku babanta ya bayyana. Ashe Kamaru ya tsallaka, ya yi ta zagaye har ya iso Yola a rame. Da hanya ta buɗe, bayan jarrabawa, suka koma garinsu. Na rungume ta a bakin get, kuma na ji sauƙi a raina. Sai dai da muka shiga babbar sakandare, duk abin dariyar da ya faru sai wani ya ce, da tana nan da ta zana wannan.

Yanzu ina koyar da Hausa a ƙaramar sakandaren wata makaranta mai zaman kanta a Jimeta. Bara, ina tsakiyar darasi a aji ɗaya, na lura da wasu yara uku kafaɗunsu na rawa, idanunsu a ƙarƙashin tebur. Na je na karɓe abin. Ɗan ƙaramin littafi ne bugagge, bango mai launi, a jikinsa yarinya mai zungureriyar riga tana gudu keke ya bar ta. A ƙasa ga sunan baƙuwar nan ta bencin baya da manyan haruffa. Na sa shi a jaka na ƙarasa darasin, ban san me na koyar ba.

A ofishin malamai na karanta shi daga farko har ƙarshe. Da Turanci mai sauƙi yake, zanen ya ƙara kyau nesa ba kusa ba. A ciki akwai wata monita mai dogon wuya da takarda a hannu, wadda ke rubuta sunan duk wanda bai yi dariyar barkwancinta ba, har ta rubuta sunan ƙadangaren da ke bango. Na yi dariya sau da yawa, kuma kowace dariya sai ta bar mini ɗaci. Wata malama ta ce ai 'ya'yanta sun haddace shi, akwai ma na biyu, marubuciyar a nan Bekaji take, tana da shagon zanen allunan talla da katin biki, da abin da take samu a nan take buga littattafan. Na ce na san ta sama-sama.

Ita ce ta neme ni. Ta samo lambata a zauren waya na tsofaffin 'yan ajinmu, ta kira, ta ce tana son a mayar da littattafan Hausa don yaran makarantun gwamnati, kuma wai ai na san Hausarta bai gyaru ba har yau. Na je shagon wata Asabar. Ta yi ƙiba kaɗan, ta tara gashi, ga kwamfuta ga ƙamshin fenti. Muka gaisa, na tambayi Mama da Baba, ta tambayi Inna da Adda. Ta sa aka kawo mini lemo. Kafin mu fara maganar aiki na ce akwai abin da nake son gaya mata, ni ce na kai ƙararta wurin malamin horo.

Ta ce ta sani tun ranar, duk ajin sun sani, wa ke shiga ofishin malamai in ba ni ba. Na ce to ai ƙarshe abin alheri ya zama, tunda daga nan aka san ta. Na faɗi haka ne ina ɗan dariya, ina jiran ta taya ni. Ba ta taya ni ba.

"Littafin bai dawo ba," ta ce. "Malamai sun yi ta aron shi har ya ɓace. Na tambaya sau uku, na gaji. Shafukan farko na Damare ne, waɗanda na yi wa yaran. Shi kaɗai ne abin da na fito da shi daga can."

Shekara biyu muna zama benci ɗaya duk Alhamis, ban taɓa tambayar inda littafin ya shiga ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta daɗe da yafewa, in ba haka ba da wuyan monita ya fi haka tsawo. Sannan ta jawo kujera kusa da kwamfuta ta buɗe shafi na ɗaya.

Na yi fassarar, kuma na yi ta da kyau. Akwai wuraren da Hausar ta fi Turancin ban dariya, ita da kanta ta faɗa. Sunana yana shafi na biyu daga ciki, ƙasa da sunan maɗaba'a. Shugabar makarantarmu da ta ji mun san juna ta matsa sai na gayyato ta. Ta zo ranar wata Juma'a, ta zana yarinyar a allo cikin minti ɗaya, yaran da nake fama da su kullum su yi shiru suka yi tsit kamar a masallaci. Da aka tashi suka yanyame ta, kowa na son ta zana masa wani abu a bayan littafi. Shugabar ta miƙo mini wayarta ta ce in ɗauke su hoto, in matsa baya kaɗan don kowa ya fito.

A hutun da ya biyo baya na zauna na rubuta nawa. Labarin wani aji ne a zangon da malamin lissafinsu ya yi rantsuwa ba zai ƙara dukan kowa ba, da yadda yaran suka yi ta gwada shi. Babu zane ko ɗaya, magana ce zalla, irin abin da na san na iya. Da aka dawo na karanta wa 'yan aji biyu babi na farko, ban gaya musu wa ya rubuta ba, amma sun gane. Sun yi dariya a wuri huɗu. Uku daga ciki inda na yi niyya ne. Da na rufe, wata yarinya a layin gaba, mai ƙoƙari ce kuma ba ta da rashin kunya, ta ɗaga hannu.

"Anti, ya yi daɗi sosai. In kin gama za ki kai mata ta sa masa hotuna?"

Na ce za mu gani, su fito da littafin aikin gida.

Na gama shi tun watan jiya, babi tara. Na buga shi a takarda na sa a leda, yana cikin jakar da nake zuwa aiki da ita. Na san idan na kai mata za ta karanta a zaune ɗaya, za ta ce ya yi daɗi, kuma da gaske take. Na kuma san hotunan za su yi kyau, yara za su fara buɗe su kafin su karanta layi ɗaya nawa. Sau biyu a makon nan keken da na hau ya bi ta Bekaji, ya wuce ta gaban shagon. Ranar Talata har na hango ta a waje tana shanya wani allo, ta juya baya. Mai keke ya rage gudu saboda rami, ya tambaya ko akwai mai sauka, na ce a'a, mu je.